Tambaya da Amsa: Kai Iyali Hutu Bakin Teku a Akara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in kai maiɗakina da 'ya'yanmu uku hutun mako guda a Akara, babban birnin Gana. Babban yaron shekararsa 11, autar kuwa 3, kuma ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu. Ina so mu sauka a otal da ke bakin ruwa. Wace unguwa ta fi dacewa? — Wani magidanci daga Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abu na farko, Akara, wadda tsofaffin fatakenmu ke kira Ankara, tana kwance ne a gefen teku daga gabas har yamma, amma ba ko'ina ne ake kai yara ba. Gaɓar da ke tsakiyar gari, wajen Jamestown da Chorkor da bakin tafkin Korle, wurin masunta ne, kuma nan magudanan birnin ke juye dattinsu. Za ka iya kai yara su ga doguwar hasumiyar fitila ta Jamestown da jerin kwalekwale, amma ba wurin kwana ba ne, ba kuma wurin wasa da rairayi ba.

Zaɓi biyu ne a gabanka. Na farko shi ne yankin La, inda bakin tekun Labadi yake, wajen kilomita 10 daga filin jirgin sama. Nan manyan otal-otal suke, irin su Labadi Beach Hotel da La Palm Royal Beach Hotel, kuma kusa yake da unguwar Osu da Asibitin Sojoji na 37. Na biyu shi ne yamma da gari, Kokrobite da Bojo, wajen kilomita 30 daga tsakiya. Can ya fi sauƙin kuɗi da natsuwa a ranakun aiki, sai dai duk abin da kake buƙata a gari sai ka bi hanyar Mallam zuwa Kasoa, wadda ta yi ƙaurin suna wajen cunkoso. Mai 'yar shekara 3 bai kamata ya yi nisa da asibiti haka ba. Shawararmu ka kwana a La ko Osu, ka ware wa Bojo yini guda. Yara za su ji daɗinsa, domin sai an shiga ƙaramin jirgin ruwa an tsallake wani ruwa kwantacce kafin a isa rairayin.

Kada hoton intanet ya ruɗe ka. Kafin ka biya ko sisi, kira otal ɗin ka nemi su aiko maka bidiyon ɗakin da za su ba ka, da na hanyar da ta tashi daga ɗakin zuwa ruwa. Wasu na rubuta cewa suna bakin teku alhali akwai babban titi tsakaninsu da shi, wasu kuma suna bakin ruwan amma duwatsu ne aka jibge don tare zaizayar ƙasa, babu rairayin da yaro zai taka. Ka tambaya ko akwai katanga da ƙofa mai gadi tsakanin ɗakuna da teku, da kuma tsakanin ɗakuna da wurin ninƙaya. Wannan ya fi kyan ɗaki muhimmanci nesa ba kusa ba, domin yaro ƙarami minti biyu ya ishe shi ya sulale. Ka nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, ko ɗaki da falo, kuma ka guji bene mai baranda mai faɗin tsakanin ƙarafa.

Iskar teku gishiri ce da ita, tana cin ƙarfe. Shi ya sa a ƙananan masaukai za ka tarar na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara ba ta sanyi, makulli ya yi tsatsa, katifa na warin danshi. Da zarar kun shiga, kunna komai, buɗe famfo, duba ragar taga, kafin ku kwance kaya. Tambayi ko janareta na ɗaukar na'urar sanyi ko fitila kaɗai, ko kuma suna da tankin ruwa, don ruwan famfo ba kullum yake zuwa wasu unguwannin gaɓar ba. Sannan ka tabbatar kuɗin da aka faɗa maka ya haɗa da haraji da karin kumallon mutum biyar, domin a Gana akan ɗora haraji kala-kala a kan kuɗin ɗaki.

Sai batun hayaniya. Bakin tekun Labadi na jama'a cika yake yi a ƙarshen mako da ranakun hutu: kiɗa har dare, barasa, masu tallar hawan doki. Mai iyali ya je da safe a ranar aiki. Watan Disamba kuwa, tun bayan bikin Shekarar Dawowa na 2019, wanda Gana ta gayyaci jikokin 'yan Afirka da aka kai ƙetare lokacin cinikin bayi, baƙi na kwarara daga Amurka da Turai, farashin ɗaki yana tashi, wuri na ƙarewa da wuri.

Tambaya: Yarana sun iya iyo a rafin garinmu. Zan iya barinsu su shiga tekun? — Wata uwa daga Yawuri

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki bar su. Iyo a rafi daban, teku daban. Tekun da ke gaban Gana yana da igiyar ruwa mai ja zuwa ciki. Yadda abin yake shi ne, raƙuman ruwa na turo ruwa zuwa gaɓa, ruwan ya taru, sai ya nemi wata 'yar kafa tsakanin tudun rairayin da ke ƙarƙashi ya koma da gudu. Abin takaicin, wannan kafar ita ta fi kama da wurin da ba hatsari, domin a nan raƙuman ba sa fashewa. Idan kin ga wani tsiri na ruwa ya fi duhu, ya lafa, kumfa ko leda na tafiya cikinsa zuwa tsakiyar teku, to nan ne wurin gudu.

Wanda igiyar ta ɗauka kada ya yi kokawa da ita yana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiyar ce ke kashe mutane. Ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga kafar. Wanda ke kan tudu ya kira masu ceto, ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa, kada ya faɗa ciki. Lambar agajin gaggawa a Gana 112 ce.

Ga ƙananan yara, ruwa ya tsaya a idon sawu, babba na riƙe da hannunsu, kuma fuskarsa na kallon teku. Doguwar riga da hijabi idan suka jiƙe nauyi suke yi, suna naɗe ƙafa, don haka ke ma kada ki wuce nan. Iyo na gaske a yi shi a wurin ninƙaya na otal. Tayar roba da ake hura wa iska ba rigar ceto ba ce. Kuma kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan sama mai ƙarfi, a haƙura da ruwan baki ɗaya, saboda abin da kwatoci suka kwaso.

Tambaya: Yaya ake zirga-zirga a garin, kuma ina za mu sami abinci da masallaci? — Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi

Amsa: Alhaji, motar talaka a Akara ita ce trotro, ƙaramar bas mai yaron mota da ke leƙowa yana kiran sunan tasha. Manyan tashoshinta su ne Circle, Kaneshie, Tema Station, Madina da 37. Tana da arha ƙwarai, amma ba ta tashi sai ta cika, kuma ba wurin kaya. Da iyali, ka fi samun sauƙi da manhajar kiran mota ta waya, irin su Bolt ko Uber ko Yango, inda za ka ga kuɗin tun kafin ka shiga. Ka riƙe canjin sidi, kuɗin Gana, a aljihu, don direbobi da yawa sun fi son kuɗi a hannu. Tasi ta gari ana gane ta da launin rawaya a kusurwoyinta huɗu. Ba ta da mita, sai ku yi ciniki kafin ka zauna, ka kuma fayyace ko shata ce ko ta haɗaka. Babur kuwa ba abin ɗora yara ba ne a wannan birni.

Lokaci ne abin lura. Daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe motoci na tururuwa zuwa cikin gari, daga 4 zuwa 8 na yamma suna fita. Hanyar Teshie da Nungua, da Spintex, da ta Kasoa duk tsayawa suke yi. Ku fita bayan 9 da rabi, ku dawo kafin 3, ku haɗa wuraren da ke kusa da juna a rana ɗaya: Dandalin 'Yancin Kai, wurin tunawa da Kwame Nkrumah, kasuwar Makola da Jamestown duk layi ɗaya ne. Agogon Gana yana bayan na Nijar da Najeriya da awa ɗaya, rana kuma na faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara.

Damina babba tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni. Idan hadari ya haɗu, ku nisanci Circle da Kaneshie. Ambaliyar 3 ga Yunin 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, ta hallaka mutum fiye da 150.

Abinci da salla ba za su ba ka wahala ba. A unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango, da harshen Hausa za ka yi ciniki. Akwai koko da ƙosai da safe, da tuwon zafi, da waakye, wato shinkafa da wake da sunanta ya samo asali daga Hausa. A bakin teku da Osu ne za ka riƙa tambayar irin naman, don ana sayar da alade a fili. Gasasshen kifi ya fi kwanciyar hankali. Ranar Juma'a ku je Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ginin salon Turkiyya, dab da Nima. Kafin ku taso, kowa har jaririn da ya kai wata 9 ya mallaki katin rigakafin shawara, domin ana nemansa a filin jirgi da kuma iyakar Aflao da ke tsakanin Gana da Togo.