Janyewar sojojin mamaya: wa ke sa wa'adi, kuma bisa wane sharaɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, gardama ce ta kaure a majalisarmu kan ficewar Amurka daga Afganistan. Abokina ya ce zama da mai mamaya a yanka masa wa'adi cin amanar addini ne, kora kawai ake yi. Ni kuma na ce da sun ƙara haƙuri har ƙasar ta natsu. Wa ya yi daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kowannenku ya kama wani sashe na gaskiya ya saki wani.

Mamaye ƙasar mutane da bakin bindiga zalunci ne, kawar da shi kuma wajibi ne gwargwadon iko. Shi ya sa ban yarda da maganarka ba. Idan aka bar wa mai mamaya ya faɗi ranar da ƙasa ta natsu, to an mayar da mai ƙara alƙali. Amurka ta zauna daga 2001 zuwa 2021, natsuwar ba ta zo ba.

Abokinka kuwa ya haramta abin da Allah ya halatta. A Suratul Anfal, aya ta 61, Allah ya umarci Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa idan abokan gaba suka karkata ga sulhu shi ma ya karkata. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, ya ƙulla ajiye yaƙi na shekara goma da Ƙuraishawa alhali Ka'aba tana hannunsu, da sharuɗɗan da suka yi wa Sayyidina Umar nauyi ƙwarai. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halilu ya kawo a Muhtasar cewa shugaba yana da ikon yin sulhu saboda maslaha, ba shi da iyakar lokaci ta dole, an dai so kada ya wuce wata huɗu. Shafi'awa sun tsayar da iyakarsa a shekara goma. Ka ga saɓanin a kan tsawo yake, halaccin kuwa ba a ja shi ba.

Yanke lokacin hakkin shugaba ne tare da ma'abota ƙulli da warwara, wato manyan da al'umma ke komawa gare su wajen yanke shawara, ba hakkin kowane mai riƙe da bindiga ba. A yaƙin Handaƙ Annabi ya yi tunanin ba Gaɗafanawa, ɗaya daga ƙabilun da suka kewaye garin, sulusin dabinon Madina don su janye, amma sai da ya tuntuɓi Sa'adu ɗan Mu'azu da Sa'adu ɗan Ubada, shugabannin Ansar, domin gonakin mutanensu ne. Suka ƙi, ya bar maganar. A nan nake ganin gurguntar yarjejeniyar Doha ta 29 ga Fabrairu 2020. Zalmay Khalilzad, wakilin Amurka, da Mulla Abdul Gani Baradar, wakilin Taliban, suka sa hannu, aka sa wa'adin wata goma sha huɗu na ficewar sojojin Amurka, amma gwamnatin Kabul ba ta cikin masu sa hannu, kuma batun yadda 'yan ƙasa za su zauna da juna an ɗage shi zuwa wata tattaunawa da ba ta haifar da komai ba.

Abin mamaki, 'yan Afganistan sun taɓa ɗanɗana wannan. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun gama fita a 15 ga Fabrairu 1989, gwamnatin Najibullah da suka bari a baya ta faɗi a 1992, sai ƙungiyoyin mujahidai suka juya wa juna rokoki a cikin Kabul. Musulmi ne suka rusa unguwannin Musulmi bayan baƙo ya tafi. Ƙa'idar malamai ita ce tunkuɗe ɓarna ake gabatarwa a kan janyo amfani, don haka jinkirta fita na ɗan lokaci ƙayyadadde domin a shirya wanda zai karɓi tsaro ya halatta, wani lokaci ma ya wajaba. Wanda bai halatta ba shi ne wa'adin da ba shi da rana.

Idan an ƙulla, cikawa dole ce ko da da kafiri ne. Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa sun yi wa Ƙuraishawa alkawarin ba za su yaƙe su ba, Annabi ya mayar da su daga Badar duk da ƙarancin mayaƙa. Saboda haka kai hari kan masu janyewa bisa alkawari haramun ne, balle bam irin na filin jirgin Kabul a 26 ga Agusta 2021, wanda mafi yawan waɗanda ya kashe talakawan Afganistan ne.

Saura tafintoci, direbobi da ƙananan ma'aikata da suka ci abinci a hannun baƙi. Ba a ɗaukar fansa a kansu a dunƙule. Wanda ake tuhuma da jini a kai shi gaban alƙali da shaidu, sauran a ba su aminci kamar yadda aka ba mutanen Makka ranar buɗe ta, kuma a rubuta wannan cikin yarjejeniyar tun kafin jirgin farko ya tashi.

Wallahu a'alam.