Keke a kan tsohon layin dogo: daga Pittsburgh zuwa Cumberland

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Pittsburgh ta Amurka, kuma ina so in bi hanyar keken nan ta Great Allegheny Passage har ƙarshenta. Kekena na cikin gari ne mai siraran tayoyi. Zai kai ni? Kwana nawa zan ware?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Keken zai kai ka, amma sai ka canza tayoyin. Tsawon hanyar kusan kilomita 240 ne daga Pittsburgh zuwa Cumberland ta jihar Maryland, an kammala haɗa ta a 2013, mafi yawanta a kan gurbin layukan dogo da aka cire. Kwalta kaɗan ce. Sauran niƙaƙƙen farin dutse ne da aka daddaɓe, kamar burji mai kyau. Siririyar taya tana nitsewa a cikinsa bayan ruwan sama, a busasshen wuri kuma tana santsi a kwana. Sa mai faɗin milimita 35 zuwa 40, in jikin keken zai ɗauka, kuma kada ka cika mata iska tam kamar a kwalta, don jijjigar za ta kashe maka hannu da ƙugu.

Kwana huɗu ya dace da wanda bai saba ba. Ranar farko ka kwana West Newton, kimanin kilomita 55. Ta biyu Ohiopyle, kusan 68. Ta uku Meyersdale, wajen 64, sannan ragowar 50 da 'yan kai zuwa Cumberland. Da kaya a kariya, lissafa kilomita 13 zuwa 16 a awa ɗaya.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne hawan. Jirgin ƙasa ba ya iya hawa tudu mai tsauri, shi ya sa hawan hanyar bai kai kashi 2 cikin 100 ba, ido ma ba ya ganinsa. Sai dai ba ya yankewa. Daga garin Connellsville, wanda za ka ratsa a rana ta biyu, za ka yi ta tuƙi babu gangarar da za ka huta a kanta har ka kai ƙololuwa, mita 729, gaba kaɗan da Meyersdale. Rana ta uku ce ke karya mutane, don haka ka sa giya mai sauƙi, ka riƙa miƙewa daga sirdi duk bayan minti 20. Tashi daga Pittsburgh shi muka fi so: hawan ya bazu a kusan kilomita 200, sannan ka sauko kilomita 38 na ƙarshe kusan ba tuƙi.

Kyan hanyar yana tsakanin Connellsville da Confluence, inda take bin kogin Youghiogheny cikin daji mai duhuwa. Daga Connellsville zuwa Ohiopyle kilomita 27 ne babu gari, waya ma takan ɗauke, saboda haka ka cika gora biyu ka riƙe abin taɓawa. Dab da Meyersdale akwai gadar Salisbury, mai tsawon mita 580, ta ratsa saman kwari. Iska tana bugowa daga gefe, riƙe kan keken da hannu biyu.

Ka kula da ramin Big Savage, wanda ya huda dutse tsawon kilomita ɗaya. Ana rufe shi da hunturu, galibi daga Disamba zuwa wajen Afrilu, kuma babu kewaye mai sauƙi. Akwai fitilu a ciki, duk da haka kunna taka, ka cire baƙin tabarau. Daga Frostburg zuwa Cumberland jirgin 'yan yawon buɗe ido yana bin gefen hanyar; in ka ji ƙararsa kada ka shiga ramin Brush, wanda jirgin da masu keke ke bi tare, kuma duk inda za ka tsallaka ƙarfen dogo ka yanke shi a miƙe, in ba haka ba tayar gaba ta zame.

Riƙe tiyub biyu, faci, famfo, ƙananan sifanu da man sarƙa. Ƙurar dutsen tana haɗuwa da mai ta riƙa cin sarƙa, don haka kowace yamma ka goge ta da tsumma, ka ɗiga mai kaɗan, ka sake gogewa. Masauki a Ohiopyle yana cika a Oktoba, lokacin da ganye ke canza launi, sai ka kama ɗaki tun da wuri.