Tambaya da Amsa: Ƙofofin Ƙaramar Tirelar Kwana

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Amurka, kuma ina haɗa ƙaramar tirelar kwana da katako, irin mai siffar ɗigon hawaye wadda mota ke ja. Shin in sayi ƙofofinta ne, ko in ƙera da hannuna?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shawarata ita ce ka sayi na masana'anta, domin ƙofar katako takan kumbura ko ta karkace idan ta sha danshi, kuma bakin ƙofa yana cikin wuraren da ruwan sama ya fi samun kafar shiga. Ta masana'anta takan zo da firam na alminiyom, da taga, da makulli, da robar tare ruwa, kuma mai faɗin inci 26 da tsayin inci 36 tana cikin waɗanda aka fi samu.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka yanka bango sai ƙofar ta iso hannunka, ka auna ta da kanka, domin ramin da ya yi faɗi da yawa yana da wuyar gyara. Kafin ka biya kuɗi, ka tabbata firam ɗin ya dace da kaurin bangonka.

Ƙofar dama daban take da ta hagu, saboda ana so ƙarafan da ƙofa ke juyawa a kansu, wato hinji, su kasance ta gaban tirela, yadda iska za ta riƙa tura ƙofar ta rufe yayin tafiya. Ka shimfiɗa tef ɗin butil, wato tef mai danƙo da ke hana ruwa shiga, a bayan firam kafin ka ɗaura sukurori, sannan ka daidaita ƙasan ƙofar da tsakiyar kaurin katifa, don kada ƙarfe ya riƙa danne maka cinya idan ka zauna a bakinta.