Wake da shinkafa a tukunya ɗaya

Ɗan'uwa, ka ce kuɗin abincinka na ƙarewa tun tsakiyar wata a makaranta, ga shi ba ka iya girki ba. Ni dai wake ne ya rufa mini asiri. Jiƙa shi da daddare, da safe zai nuna da wuri, gas ɗinka ya huta. Da ya fara laushi sai ka zuba shinkafa, albasa da gishiri. Wanke ƙwai ka jefa ciki, minti 10 ya isa.

Amma kada ka bar dafaffiyar shinkafa a ɗaki fiye da awa 2. Na taɓa cin wadda ta kwana, ko wari ba ta yi ba, na wuni riƙe da ciki. In babu firji, dafa daidai cikinka.