Amsar tambayarka kan makokin masu tseren babur

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana mamakin masu tseren babur, ɗan'uwansu ya mutu a fili, kafin hawaye su bushe sun sake hawa, kana tambaya ko rashin tausayi ne ko al'ada. Al'ada ce, kuma tarihin ƙungiyar Gresini ta garin Faenza a Italiya ya isa ya nuna maka tushenta.

Fausto Gresini ɗan tsere ne da ya ci kambun duniya sau biyu a ajin 125cc na ƙananan babura, a 1985 da 1987. Da ya ajiye hawa, sai ya kafa ƙungiyarsa a 1997, babur ɗaya na Honda, mahayi ɗaya, Alex Barros ɗan Brazil. Ka lura, ba sa ƙera babur. Hayarsa suke yi daga kamfani, kuɗin kuma a hannun masu talla yake. In suka daina fitowa, abincin makanikai da iyalansu ne ya tsaya. Wannan shi ne rabin amsarka.

Ɗaya rabin ya fi nauyi. A watan Afrilun 2003, mahayinsu Daijiro Kato ɗan Japan, wanda ya ciyo musu kambun 250cc a 2001, ya yi hatsari a filin tseren Suzuka na Japan, ya rasu bayan mako biyu. Tseren da ya biyo baya, a Welkom ta Afirka ta Kudu, abokin hawansa Sete Gibernau ne ya lashe, ya sadaukar da nasarar gare shi. A 2011 kuma wani mahayinsu, Marco Simoncelli, ya rasu a Sepang ta Malesiya. Da aka taru a tsere na gaba a Valencia ta Spain, maimakon shirun minti ɗaya, mahaifinsa ya nemi a yi ƙara, mahaya suka zagaye fili da rurin injina, don ya san halin ɗansa. A ranar Michele Pirro ya ciyo wa Gresini tseren Moto2, ajin matsakaitan babura. A wurinsu, hawan shi ne karrama mamaci. Lambobin tseren Kato da Simoncelli, 74 da 58, an jingine su, ba a ba kowa a babban aji, wato MotoGP. Kuma kada ka ɗauka mutuwar ba ta canja komai ba: tun daga 2003 gasar MotoGP ba ta koma Suzuka ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na 2021. Korona ta ɗauke Fausto a watan Fabrairu, yana da shekara 60. Matarsa Nadia Padovani tana iya sayar da komai ta huta, ba mai ganin laifinta. Sai ta hau kujerar mijinta, 'ya'yansu Lorenzo da Luca suna gefenta, ta rabu da kamfanin Aprilia da suke hawa baburansa a lokacin, ta ɗauko hayar baburan kamfanin Ducati. Tseren farko na 2022, a Katar, mahayinta Enea Bastianini ne ya zo na ɗaya. Ni dai ina ganin wannan baiwar Allah ta fi da yawa daga shugabannin manyan kamfanoni ƙarfin zuciya. Har Marc Marquez, mai kambun babban aji shida a lokacin, ya bar Honda ya zo ya hau mata a 2024 tare da ƙanensa Alex.

Ka gaishe min da mahaifiyarka.