Ruwa na biyo gefen taga: wane silikon zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Samaru, gidana na bulo ne, tagoginsa na alminiyum. Duk damina in hadari ya zo da iska, sai ruwa ya biyo gefen tagogin ɗakin da ke kallon gabas, har fentin ciki ya kumbura ya fara zuba. Bara birkila ya cike gefen da siminti, bai yi wata uku ba ya tsage. Bana mai alminiyum ya bi kansa da silikon, ga shi yanzu in ka ja shi sai ya taso kamar igiya. Wane iri zan saya, kuma yaya ake sa shi ya zauna?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tagar gabas ce ke shan wahala a Zariya, domin daga nan guguwar hadarinmu ta fi tasowa, ta watsa ruwa a bango a kwance. Kuma ita ce rana ke fara dukanta tun hantsi.

Simintin birkila dole ya tsage, ko wane gwani ne ya yi shi. Alminiyum yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na yadda siminti ke yi. Firam mai tsawon mita 2, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30 daga asuba zuwa azahar, zai ƙaru da kusan milimita 1.4, da dare ya koma. Kullum haka. Siminti ba ya iya binsa, sai ya rabu da shi ya bar kafa siririya, ruwa kuwa ba ya neman fiye da haka. Abin da wurin ke so shi ne abu mai danƙo da zai miƙe ya dawo.

In ka shiga kasuwar Sabon Gari ka ce a ba ka silikon, yawanci mai araha za a miƙo maka, wanda in ka fasa bakinsa wari mai tsami zai buge maka hanci. Wannan mai asid ne. A kan gilashi da tayil yana aiki da kyau, amma ba ya jituwa da siminti da filasta, kuma yana jawo wa ƙarfe tsatsa. Ina kyautata zaton shi aka sa maka. Wanda ya dace da tsakanin alminiyum da bango shi ne silikon marar asid, wanda 'yan kasuwa ke kira nutiral. Yana jure rana shekara da shekaru. Aibinsa ɗaya, fenti ba ya zama a kansa, don haka ka zaɓi kalar da ta dace da firam ɗinka tun a shago. In kana son fenti ya rufe layin, nemi mai harafin PU (wato polyurethane, wani danƙo ne dabam da silikon), irin su Sikaflex. Yana kama siminti da ƙarfi, sai dai ya fi tsada, ya fi wuyar shafewa, kuma ya fi daɗewa in an rufe shi da fenti. Akwai na akirilik mai haɗin ruwa. Ni dai na bar shi ga 'yan tsage-tsagen cikin ɗaki, domin yana ƙanƙancewa in ya bushe. Ka duba kwanan watan da ke jikin robar. Yawancinsu shekara ɗaya ce wa'adinsu, wanda ya wuce lokaci kuma yakan ƙi bushewa.

To amma ko da mafi tsada ka sayo, in aka matsa shi a kan datti, aikin baban giwa ne. Da ka ce yana tasowa kamar igiya, ka juya bayan igiyar ka gani: za ka tarar da jar ƙura da garin fenti manne da ita. Su ya kama, bai taɓa bango ba. Nan ne masu aiki ke gudu, domin shara tana cin awa biyu, matsawa kuwa minti biyar ce.

A sa reza ko wuƙa a cire tsohon silikon kakaf, saboda sabo ba ya kama tsoho yadda ya kamata. A ɓamɓare duk simintin da ke motsi. A kankare fentin gefen da buroshin waya ko samfefa har a iske filasta mai ƙarfi. Ka shafa tafin hannunka a wurin; in ya fito da fari kamar alli, da sauran aiki. Daga nan a share ƙurar da busasshen buroshi, a goge firam da tsumma mai tsafta da aka jiƙa da sifirit. Ban da kananzir, ban da man dizal, ban da ruwan sabulu, dukkansu suna barin maiƙo ko santsi. In wani wuri filastar ta ɓalle da yawa, a gyara ta da siminti amma a bar rata tsakaninta da firam, sannan a jira ta yi kamar mako 4 kafin a sa komai. In akwai tagar ƙarfe a gidan, ita sai an kankare tsatsa an shafa jan fentin hana tsatsa ya bushe tukuna.

Ratar kada ta gaza milimita 6. In ta yi zurfi, a cusa siririn soso a ciki ya zama matashi, yadda kaurin silikon zai tsaya wajen milimita 6, ko rabin faɗin ratar in mai faɗi ce. Hikimar ita ce ya kama gefe biyu kawai, firam da bango. In ya manne har da ƙasan ramin ba zai samu damar miƙewa ba, sai ya yage. A liƙa salatif na takarda a gefe da gefe, a yanke bakin robar a karkace, a matsa ba tare da tsayawa ba, a bi da yatsa a danna shi ya shiga, a cire salatif nan take kafin ya yi fata, abin da ba ya wuce minti 10 zuwa 20. Ga ma'aunin gane mai rowar aiki: roba mai mililita 300 tana cika kusan mita 8 na irin wannan rata, taga mai mita 1.2 kowane gefe kuwa kewayenta mita 4.8 ne. Wanda ya ce roba ɗaya ta ishe shi taga biyar, shafa kawai ya yi.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba, in bango ya sha iska ya bushe, kafin ƙurar hunturu ta kankama. In ya wuce ka, sai Maris ko Afrilu kafin ruwan fari. Tagoginka na gabas a yi su bayan la'asar, lokacin da firam ya huce a inuwa. Da laimar iska silikon ke bushewa, wajen milimita 2 zuwa 3 a kwana ɗaya, don haka cikin hunturu yakan ɗauki lokaci fiye da haka.

A ƙasan firam ta waje akwai 'yan ramuka da aka huda don ruwan da ya taru a cikin layin da taga ke gudu ya fita. Na sha zuwa gidaje na tarar an toshe su da silikon, wai ana maganin yoyo, ruwan ya rasa hanya ya malalo ɗaki. Ka sa tsinke ka buɗe naka, ka kuma duba ko dakalin tagar ya gangara waje. Bayan kwana 3 da gama aiki, ka sa yaro ya watsa ruwa da buta ta waje, daga ƙasa yana yin sama, kai kana ciki kana duban inda zai ɓullo.