Tambaya da Amsa: Ɗana ba ya kira, sai dai ya turo saƙo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana jami'a, kuma tun da ya tafi ba ya kirana, sai dai ya turo "slm, ykk, lfy" ta WhatsApp. Idan na kira shi ba ya ɗauka, amma nan take zai rubuto yana tambaya ko lafiya. Shin akwai abin da za a saita a waya domin ya rage wannan ɗabi'a? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai, amma ba na jin shi ne maganin damuwarki. Wayoyin Android suna da Digital Wellbeing, iPhone kuma tana da Screen Time, dukansu tun 2018, kuma suna iya ƙayyade mintunan da za a yi a kan kowace manhaja. Sai dai wanda ya isa shiga jami'a zai cire wannan takunkumi cikin daƙiƙa kaɗan idan ba shi ya sa wa kansa ba.

Gutsure kalmomin da kike gani yana da asali. Gajeren saƙon waya, wanda aka fara aikawa a Ingila a watan Disamba na 1992, haruffa 160 kawai yake ɗauka, idan kuma aka sa harafi mai lanƙwasa kamar ƙ ko ɗ, sai adadin ya faɗo zuwa 70. Da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001 kira yana da tsada, kowane saƙo kuma da kuɗinsa, shi ya sa "na gode" ta koma "ngd". Yau WhatsApp bai matse kowa haka ba, amma sabo ya riga ya kama.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke zubewa idan Hausa ta bar baki ta koma allo. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "kuka" na itace da "kuka" na hawaye kamarsu ɗaya. Ki duba kalmar "to". A baki tana iya zama amincewa, ko haƙuri, ko gargaɗi, ko fushin da aka danne, kuma uwa tana rarrabe su tun kafin ɗanta ya rufe baki. A rubuce kuwa haruffa biyu ne. Yaron da zazzaɓi ya kwantar zai iya rubuta "lfy lau", amma da wuya muryarsa ta ɓoye miki.

Kada ki ɗauki rashin ɗaga wayar a matsayin raini kai tsaye, domin yawancin matasa suna ganin kira yana katse musu aji ko karatu, alhali saƙo yana jira. Ki fara da saƙon murya, wanda WhatsApp ya ƙara a 2013, ki gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ki ce shi ma ya amsa da murya. Sannan ku tsayar da lokacin kira guda a mako, misali ranar Juma'a bayan la'asar, yadda ba zai zo masa ba zato ba. Idan ya kawo uzurin data, ku shiga saitin WhatsApp, sashen ajiya da data, ku kunna zaɓin rage cin data yayin kira, wanda yake taimakawa kuma a inda sabis ba shi da ƙarfi.